Jan Biro

Su goma sha huɗu na rubuta ran Asabar ɗin farko,
a filinmu na bayan Ƙofar Guga,
inda tsohuwar tirela ke kwana da duwatsu a gindin taya
don birkin hannunta ya daɗe da yin murabus.
Yau wata uku. Na buɗe rajista, na ƙirga,
saura biyar.

Mannir ne ya fara.
Tunkiyar innarsa ta biya rabin kuɗin makaranta.
Sai gas ya tashi, muka ce kowa ya kawo na galan
kafin ya taɓa sitiyari.
Kwana tara yana zaune a inuwar bodi
yana kallon 'yan'uwa suna zagaye fili.
Ran na goma inuwar ba kowa.

Lurwanu kuwa ribas ta kore shi.
Ka karya hagu, wutsiya ta nufi dama,
shi ya ƙi yarda da madubi.
Ganguna shida muke jerawa, shida yake kwasa,
yara bisa katanga suna ƙirga masa da ƙarfi.
Ya jure yunwa, ya jure rana,
dariyar yara ce ta fi ƙarfinsa.

Sada ya fi kowa hannu.
Yana sa giya kamar mai zuba shayi,
kunnensa na jin ciwon inji tun inji bai yi kuka ba.
Aka kai shi gwajin ido,
layi na uku a allon ya koma masa tururuwa.
Ashe dundumi gare shi tun yana ƙarami, ya ɓoye.
Ya ce, Malam, da rana kawai zan riƙa tafiya.
Na ce, Sada, rana ɗaya ba ta kai mutum Legas.

Bishir, mahaifiyarsa ce ta zo da ƙafarta.
Ta ce hanyar Jibiya ta ci mata ɗa guda,
ba ta da na biyu na bayarwa.
Na jawo mata benci. Ba ta zauna ba.

Biyu sun karɓi kurkura,
kuɗin yau a yau, balas da magariba.
Ban ga laifinsu ba.
Wa zai shekara biyu yana karen mota,
ɗaura tamfol, ɗaukar jak, kwana ƙarƙashin bodi,
ga kuɗin lasisi na jira a gaba,
kafin wani ya kira shi direba?
Ɗaya an yi masa haihuwa, rago ya cinye zangon.
Ɗaya gona ta kira shi Rimi,
ya ce sai bayan girbi. An yi girbi.

Na taran ne ba na son faɗa.
Haliru.
Ya saki kuloci da gaggawa, mota ta zabura ta mutu,
sai na ji bakina yana faɗa masa
abin da maigidana ya faɗa min a Funtuwa
shekara talatin da suka wuce,
kalma bayan kalma, har da ambaton uba.
Ni na haɗiye tawa, na zama direba,
na ɗauka haka ake koyo.
Shi ya sauko a hankali,
ya rufe ƙofa ba ƙara,
ya miƙo min makulli da hannu biyu.

Takwas na ja musu layi da jan biro.
Sunansa na nan yadda na rubuta shi.
Shekaranjiya na hango shi a 'Yar Kutungu,
buhun masara a kafaɗa.
Na rage tafiya, na nemi abin faɗa,
na baya suka dame ni da hon, na wuce.

Gobe da asuba biyar ɗin za su zo.
Batir ya yi sanyi tun Laraba, sai an tura,
mutum biyar kuwa ba sa tura tirela.